Gilashin Motar Alhaji Maitama

"Na rufe, Alhaji. Duk huɗun na rufe, na zagaya na taɓa kowanne da hannuna."

"Ka rufe? To aljanu ne suka zo suka buɗe? Dubi kujeru! Dubi abin da ka yi min, Bitrus!"

Alhaji Maitama ya fizgo ƙofar motar, ruwa ya tsiyayo ya jiƙa masa takalmi. Ruwan farko na bana ne ya sauka a Malumfashi bayan azahar, ya yi kusan sa'a biyu yana zuba da iska, motar kuwa tana ƙofar gida gilasanta huɗu a ƙasa. Alhaji yana gona tare da leburori, Bitrus ya tafi ɗakinsa cin abinci. Ba wanda ya lura sai da aka ɗauke.

Ba ƙaramar mota ba ce. Wata uku ke nan da aka kawo ta daga Legas, a farkon 1989, kuma duk ƙasar Funtua da Malumfashi ba mai irinta. Makullinta ma abin kallo ne: wani ɗan baƙin abu mai maɓalli biyu. In aka danna na sama ƙofofi su kulle. In aka danne na ƙasa aka riƙe, sai gilasan su sauka da kansu tun mai motar yana nesa, don zafi ya fita kafin ya shiga. Alhaji ya fi son wannan fiye da motar kanta. A bakin kasuwa yakan tsaya nesa, ya jira ido ya taru, sannan ya danna.

"Makullin ai a hannunka na ba ka," in ji Bitrus.

"Ni kuma na kai wa Gwaggo kamar kullum. Ko ita za ka ɗora wa? Tsohuwar da ko rediyo ba ta iya kunnawa?"

Bitrus ya sunkuya ya ɗauko wani ƙunshin takarda daga kujerar baya. Takardar ta narke a hannunsa. Rigar auren amaryarsa Rahab ce, wadda ya karɓo da safe wurin tela a Funtua. Ya bar ta a motar ne saboda rufin ɗakinsa yana yoyo, kuma a ganinsa duk garin babu wurin da ya kai cikin motar nan tsaro. Fara ce sol da safe. Yanzu jan launin kujerun ya zuba ya kama ta tun daga wuya har ƙugu.

"Alhaji, dubi wannan. Ranar Asabar za a ɗaura min aure. Ina da hankalina zan bar rigar amaryata a ruwa?"

"Da hankalinka! Nan ne maganar take." Alhaji ya juya ga leburorinsa da maƙwabtan da suka taru, ya ɗaga murya. "Ku tambaye shi inda ya je da rana. Abinci ya ce. Ni na san abincin. Ya biya ta bayan kasuwa ya sha burkutunsu, ya manta ko mota yake tuƙawa ko jaki!"

Wani ya yi dariya. Bitrus ya ji kamar an watsa masa tafasasshen ruwa. Shekara tara yana tuƙa wannan mutum, tun zamanin tsohuwar akori-kura da suke kai auduga Funtua. Shi ya ɗauki matar Alhaji zuwa asibiti tana naƙuda, shi ya kai gawar ƙanin Alhaji Matazu.

"Shekara tara, Alhaji. Ka taɓa jin warinta a bakina?"

"Fita min daga ƙofar gida. Kada in sake ganin ka kusa da motata."

Magana ta fi mota gudu a wannan ƙasa. Kafin Talata da yamma ta isa Kafur, garin su Rahab, kuma ta yi ƙiba a hanya: an ce an tsinci Bitrus kwance a kwata. Baba Sulemanu, mahaifin Rahab, dattijo ne a ikilisiya, mutumin da ya kori ɗan cikinsa daga gida saboda giya. Ya aiko da saƙo gajere: a dakatar da auren sai an bincika.

Laraba da hantsi Rahab ta sauko daga motar kasuwa, ta bar 'yan ajinta na firamare a hannun wata malama. Ta sami Bitrus zaune a bakin ɗakinsa, rigar tana shanye a igiya, an wanke ta sau uku jan bai fita ba.

"Ka sha?"

"Rahab, ke ma?"

"Ina so in ji da bakinka ne. Ka sha?"

"Ban sha ba."

"Ka rufe gilashin?"

"Na rufe."

"To me kake yi a zaune kamar wanda aka yi wa rasuwa? Tashi!"

"In je in ce me? Alhaji ne fa. Maganarsa da tawa, wa za a ji?"

Idanunta sun yi ja, amma ba ta bar hawaye ya fito ba. Shekara huɗu take jiran wannan Asabar. Ta ƙi wani malamin gona mai babur, ta ƙi ɗan fasto, saboda wannan mutum mai sanyin murya da ya taɓa tsayar da mota a tsakiyar hanyar Kafur don kawai ya ɗauko mata ɗankwalin da iska ta kwashe. Yanzu sanyin nasa ne ke neman ƙona ta.

"Ni ba riga nake wa kuka ba, Bitrus. Ko da buhun taki zan shiga majami'a. Amma Baba ba zai ba mashayi 'yarsa ba, kuma ni ba zan zauna mai kuɗi ya shafa wa mijina kashin kaji don kujerarsa ta jiƙe ba. Sa takalminka."

Sun iske Alhaji zaune a kan benci a ƙofar gida tare da abokan hirarsa. Motar tana gefe, an shanya ta jiya yini guda, yau Alhaji da kansa ya rufe ta ruf. Da Alhaji ya hango Bitrus, sai ya kau da kai. Bitrus ya tsaya can tsallaken hanya ƙarƙashin darbejiya. Shekara tara bai taɓa wuce zauren gidan nan ba, kamar kowane namiji baƙo. Rahab kuwa mace ce. Ta gaida mutanen a tsaye, ta yi sallama ta shige.

Gwaggo Hansai ƙanwar mahaifin Alhaji ce, ita ta goya shi. Duk makullan gidan a wurinta suke: na sito, na rumbun dawa, na ɗakin taki. Da aka kawo motar, Alhaji ya ƙara mata da nata, don 'ya'yansa samari ba su da kunyar kowa sai ita. Rahab ta same ta a bakin ɗakinta, wanda bangonsa ke jingine da ƙofar gida, tana ɓare gyaɗar iri.

"Amarya! Zo nan, 'yar nan. Na ji abin da ya faru, tun shekaranjiya ban ci abincin kirki ba."

"Gwaggo, ɗanki ya kashe min aure."

"Bakin Maitama ya fi hankalinsa sauri, tun yana ƙarami. Bitrus ya sha giya? Yaron da yake kai ni Dandume wurin 'yata, in na yi gyangyaɗi ya rage gudu don kada in farka?"

"To ki faɗa masa!"

"Na faɗa. Ya ce to wa ya buɗe. Na rasa amsa." Ta karkaɗe ɓawon gyaɗa daga cinyarta. "Tsaya. Akwai wata atamfa da nake ajiya tun dawowata daga Makka. Ba ta kai rigarki ba, amma ki karɓa."

"Ba zane na zo nema ba, Gwaggo."

Tsohuwar ba ta saurare ta ba. Ta jawo gefen zanenta, inda wani ƙaton ƙulli yake rataye, ta kwance shi da ƙyar. Makullai suka zubo: na ƙarfe guda biyar, da baƙin nan na mota. Ta zaɓi na akwatinta, ta tattara sauran, ta naɗe su a bakin zanen. Hannunta ba ƙarfi, don haka ta yi yadda ta saba yi shekara hamsin: ta kama bakin ƙullin da haƙori, ta ja, ta ja, har makullan suka matse juna.

Wata 'yar jar wuta ta haska ta cikin zanen.

A waje aka kwashe da salati. "La'ilaha illallahu! Alhaji, ga ta nan ta sake!"

Rahab ta dubi wutar, ta dubi bakin Gwaggo.

"Gwaggo, ranar Litinin yaushe kika ƙulle makullin nan?"

"Da Maitama ya kawo ina alwala. Na tura shi ƙarƙashin tabarma, sai da na idar da azahar na ƙulle. Hadari ma ya haɗo a lokacin. Me ya faru?"

"Tashi. Don girman Allah tashi mu je."

A ƙofar gida mutane sun ja da baya. Gilasan huɗu suna ƙasa, ba kowa kusa da motar. Alhaji yana tsaye yana laluben aljihunsa. Bitrus bai motsa daga gindin darbejiya ba.

Rahab ta fito riƙe da hannun tsohuwar. "Alhaji, a rufe gilashin, a miƙo makullin."

"Ke, wa ya..."

"Maitama, yi abin da ta ce," in ji Gwaggo.

Aka kwance ƙullin, Alhaji ya rufe gilasan, ya mayar mata da makullin. Gwaggo ta naɗe, ta sa haƙori ta ja. A gaban kowa gilasan suka sulale ƙasa, a hankali, ba ko ƙara. Makullin sito ne ya danne maɓallin.

Tsohuwar ta saki ƙullin kamar ta taɓa kunama. "Innalillahi. Ni ce? Ni na yi wa yaron nan haka?"

Alhaji ya fashe da dariya. "Kai! Ashe Gwaggo ce direban! Ku ji min fa." Abokansa suka taya shi. Ya karɓi makullin ya jefa wa Bitrus. "Zo ka ɗauki aikinka. Gobe da sassafe za mu Funtua."

Makullin ya faɗi a taɓo. Bitrus ya tsallako hanya, ya tsaya a kansa, bai sunkuya ba.

"Shi ke nan, Alhaji?" in ji Rahab. "A nan ka tsaya ka ce ya sha giya. Mutanen nan suka ji, suka kai har gaban ubana. A nan za ka tsaya ka ce ƙarya ka yi masa."

"Ke 'yar nan, ki san da wanda kike magana. Maganar fushi ce, ta wuce. Riga ce? Zan aika Funtua a ɗinko biyu."

"Ka riƙe rigunanka! Sunansa ka ɓata, wane tela ne zai ɗinka shi?"

"Bitrus, ka ja wa matarka kunne."

"Ba matata ba ce tukuna, Alhaji," in ji Bitrus. "Kai ka hana."

Ba a taɓa jin muryarsa haka ba. Dariyar ta mutu. Gwaggo ta gyara mayafinta ta matso gaban Alhaji har sai da ya ja baya.

"Maitama, a bayan nan nawa ka yi fitsari. Ka buɗe baki ka ce ka yi kuskure."

Alhaji ya dubi abokansa, ya dubi leburori, ya dubi motarsa. Ya gyara hula. Bakinsa ya motsa, amma abin da ya fito shi ne, "Gwaggo, ki koma ciki, rana ta yi."

"Ba zan koma ba. Tun da kai girmanka ya hana ka, ni zan je Kafur. Zan zauna a gaban Malam Sulemanu da dattawansu in kwance ƙullin nan in nuna musu. Ko a ƙafa ne sai na je."

Bitrus ya jira. Har yanzu yana ba shi lokaci, don shekara tara ba wasa ba ce, kuma kalma ɗaya ta isa. Ya tuna daren naƙuda, ya tuna hanyar Matazu. Alhaji ya zauna a bencinsa ya ɗauko goro ya ɓantara.

Sai Bitrus ya sunkuya ya ɗauki makullin, ya goge taɓon a jikin wandonsa. Ya buɗe wa Gwaggo ƙofar baya, ya riƙe mata hannu ta shiga. Ya buɗe wa Rahab ta gaba. Sannan ya juya, ya yi magana yadda har mai rake na bakin hanya ya ji.

"Alhaji, zan kai Gwaggo Kafur ta wanke ni a gaban Baba, in dawo maka da ita lafiya kafin la'asar. Daga nan zan sa maka makullinka a hannu. Asabar zan yi aurena, amarya kuma a keken shanun kawuna za ta zo, ba a motarka ba. Ni da tuƙa ka, har abada na gama."