Gishirin Cikin Akwati

Auta ta zuge zif ɗin akwatin, ta ɗaga kayan sama, sai hannunta ya ji danshi. Ta tona har ƙasa ta zaro robar da ta naɗe cikin tawul. Murfin ya saki, babu ko ɗigo a ciki.

"Ai na faɗa miki," in ji babanta yana cire takalmi. "Iskar sama ba irin ta ƙasa ba ce. Abin da ya toshe miki kunne a jirgi, shi ya kwance murfin nan."

Mamarta kuwa ta rigunanta take yi. Ta kwashe kayan tana faɗa, ta jingine akwatin a buɗe a baranda ya sha rana.

Ruwan teku ne ya zube, kuma na maƙwabcinsu ne, tsohon da yaran layi ke kira Baba Zif. Tun kafin a haifi Auta yake gyaran akwatuna a shagon da ke jikin gidansa: zif, taya, mariƙi, duk wanda ya mutu sai ya tashe shi. Akwatunan da suka bi ta hannunsa sun zaga duniya, shi kuwa ko filin jirgi bai taɓa leƙawa ba. In aka dawo masa da akwati yakan shinshina cikinsa ya ce, "Wannan ƙasar sanyi ya je," kuma ba kasafai yake kuskure ba.

Da za a tafi da Auta hutu wajen gwaggonta a ƙasar waje, shi ya sake wa akwatinsu shafi da baƙin yadi.

"Malama ƙarama, me za ki kawo min?"

"Turare, Baba."

"Turaren me da tsufana? An ce teku duk girmansa gishiri ne. Ni ban yarda ba. Wa ya zuba? Ki ɗebo min in ɗanɗana da bakina kafin in mutu."

Ta yi dariya ta ɗauki alkawari. A lokacin maganar wasa ce. Sai ga shi sun dawo sun tarar da shagon a rufe, tsoho ya kwanta. 'Yarsa ta ce ko ƙofa ba ya iya kaiwa, amma kullum sai ya tambaya ko jirgin Malama ya sauka.

Auta ta je gaishe shi hannu babu komai. Ya rame har zoben hannunsa yana yawo, an lulluɓe keken ɗinkinsa da zane a kusurwa. Don kada ya sami damar tambaya, ta buɗe baki ba ta rufe ba.

"Baba, lokacin da kuke cin abincin rana, mu a can a lokacin muke tashi daga barci."

"Kai! Ba rana ɗaya ba ce?"

"Ɗaya ce. Duniyar ce ke juyawa."

Ta ɗauki lemon da aka kawo masa dubiya, ta riƙa juya shi a hasken taga. Haka malamin labarin ƙasa ya taɓa yi musu a aji, ita tana gyangyaɗi. Ta ba shi labarin gadar dutse da ta girmi kakan kakansa, har yanzu motoci na hawa. Ta koya masa yadda mutanen can ke cewa na gode. Ya gwada, harshensa ya harɗe, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Bai tambayi teku ba. Wannan ya fi komai yi mata ciwo, don ta ga ya dubi hannunta tun shigowarta.

Yayanta ya ba ta shawara irin tasa. "Ke ma dai! Zuba gishiri a ruwan famfo ki kai masa. A ina zai sani?"

Ta haɗa kuwa. Ta ɗanɗana, ta ji ɗanɗanon kicin ɗinsu kawai. Ta tuna yadda yake shinshina akwati, ta juye ruwan a magudana.

Da mamarta ta aike ta ta shigo da akwatin daga baranda, sai ta ga wani farin zane a jikin baƙin shafin, zagaye, daidai inda ruwan ya kwanta ya bushe. Ta tsaya. Malamar kimiyya ta taɓa ajiye musu faranti na ruwan gishiri a bakin taga, ruwan ya tafi ya bar gishirin. Ta ja akwatin da gudu, tayoyin na ƙara a kan titi, mamarta na kira ba ta juyo ba.

"Baba, ruwan ya zube a hanya," ta ce tana haki, hawaye na taruwa. "Amma tekun yana nan."

'Yarsa ta tallafo shi ya zauna. Ya daɗe yana kallon farin zanen. Sannan ya jiƙa yatsa, ya ja a kai, ya kai baki. Ya lumshe ido yana tsotsa kamar yaro da alewa.

"Ashe gaskiya ne," ya ce. "Har da ɗan ɗaci." Ya shafa gefen shafin da babban yatsa, ya ja zaren. "Kin gani? Teku guda ya kwana a ciki, ɗinkina bai saki ba."

Ya dube ta ya faɗi kalmar nan ta godiya da ta koya masa. Ya karkace ta sarai, amma Auta ba ta gyara masa ba.

Bayan 'yan kwanaki, tana ɗaura igiyar takalmin makaranta da safe, ta jiyo kuka daga gidan Baba Zif a tsallaken titi. Ba sai an gaya mata ba.

Da mako ya zagayo, mamarta ta ɗauko soso da ruwan kumfa za ta goge akwatin a ɗora saman kabad. Auta ta dafa murfin.

"Mama, don Allah a bar shi haka."

Mamarta ta leƙa ciki, ta ajiye soson a hankali. Farin zagayen yana nan a kan baƙin yadi, da layin yatsa ɗaya ya ratsa ta tsakiyarsa.