Ranar da Na Ari Hannun Bawah

Sana'ata raguna. Shekara arba'in da ɗaya ke nan, duk in layya ta rage mako uku, nakan hau mota daga Kumasi zuwa Bawku, in zaɓo raguna da hannuna, in sauko da su unguwarmu Asawase. Mahaifina da ya zo daga Tawa shi ya fara kai ni, ina riƙe masa igiya. Boko dai aji uku na yi, amma in na dafa bayan rago na san abin da zai yi a tukunya. Akwai gidaje a Zango da ba su taɓa yanka ragon da ba ni, Sumana, na zaɓa ba.

Bara jiri ya ɗebe ni a tsakiyar kasuwa, sai da na zauna a ƙasa. A asibiti aka ce hawan jini ne, abin da mutanen nan ke kira fresha. Aka ba ni ƙwayoyi, aka raba ni da gishiri.

Bana, layya saura wata biyu, 'yata Hikima ta zo daga Tema. Nas ce a can. Ta ajiye wani ɗan kwali a gabana, ta ce, "Baba, bana ba Bawku."

"Wa ya ce?"

"Jininka ya ce. Yini guda a mota, ga rana, ga ciniki da ihu. In ka faɗi a can wa zai ɗauke ka?"

Na ce ni ko rago ba na rabuwa da shi sai na buɗe bakinsa na ga haƙori, ita kuma ga ta tana yanke mini hukunci ba ta duba komai ba. Muka yi ta ja, kamar ana ciniki. A ƙarshe muka tsaya a kan kwana talatin. Kullum bayan sallar asuba, kafin koko, kafin goro, zan auna jinina. Muddin lambar sama ba ta haura ɗari da hamsin ba har kwanakin su cika, zan tafi. In ta haura, na haƙura.

Ta buɗe kwalin. Mashin ne ɗan ƙarami, da wata ɗamara da ake naɗawa a damtse. Ka danna maɓalli, ɗamarar ta kumbura ta matse ka, ta saki a hankali, sai lamba biyu su fito, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Har da launi: kore, rawaya, ja. Abin da ya fi ba ni haushi, mashin ɗin yana magana da wayata ba tare da wani zare ya haɗa su ba, wayata kuma ta kai wa wayar Hikima. Kafin in kwance ɗamarar, labari ya isa Tema. Na raɗa masa suna Ɗan Rahoto.

Matata Mamuna ita aka naɗa mai gadi. Ita ke duba na zauna minti biyar shiru, bayana a jingine, hannuna a kan tebur, ƙafa ba a harɗe ba. Ni da ba a taɓa jin bakina ya huta ba, sai ga ni zaune kamar mai jiran alƙali. Amma Ɗan Rahoto ya yi mini adalci. Ɗari da talatin da takwas, ɗari da arba'in da biyu, wata rana ma ɗari da talatin da ɗaya. Kwana ashirin da bakwai aka yi haka. Har na aika wa direban da nake tafiya da shi ya ajiye mini kujerar gaba.

A rana ta ashirin da bakwai aka yi suna a unguwar Ayigya, gidan wani abokin cinikina. An dafa tuwon zafi da miyar ayoyo, an soya nama da yaji, ga shito, baƙin soyayyen barkonon nan, a gefe. Mamuna tana can cikin mata, ba mai gani na. Na ci. Na ƙara. Na kawo goro guda na ɗora a kai.

Washegari na tashi kaina da ɗan nauyi. Wataƙila ma tsoro ne kawai. Ga shi Mamuna ta fita da sassafe, maƙwabciyarmu ta haihu ta je yi wa jinjiri wanka. Kafin ta tafi ta leƙo ta ce, "Alhaji, ka auna fa, kada in dawo in ji wani zance."

Na zauna ina kallon mashin ɗin. Saura kwana uku kacal. Ja ɗaya ya isa ya cinye mini Bawku.

Sai na ji ƙararrawar keke a ƙofa. Bawah ne. Kafinta ne a Anloga, unguwar masu katako, abokina tun muna yara. Kullum da safe yakan tsaya mu sha koko kafin ya wuce aiki. Mutum ne siriri kamar sandar tsintsiya, shekararsa sittin da biyar yana taka keke, yana ɗaga katako da matasa ke kasawa. Ban taɓa jin ya kwanta asibiti ba. A Zango kowa ya ɗauka fresha ciwon masu tumbi ne, irina. Ni ma haka na ɗauka.

Na ce, "Kafinta, shigo. Aron abu nake so."

"Guduma ko zarto?"

"Hannunka."

Ya dube ni, ya dubi mashin, ya fashe da dariya. "Dillali, yanzu 'yarka za ka yi wa irin abin da kuke yi wa rago? A cika shi da dusa da ruwa ranar kasuwa?"

"Ni ban taɓa yin wannan ba."

"Yoo. Ni ma ban taɓa sayar da wawa a ce odum ba." Katako yake nufi, mai araha da mai tsada. Ya naɗe hannun riga. "Ɗaura. Yau Hikima za ta ga jinin saurayi."

Na ɗaura masa yadda Mamuna ke yi mini. Har na sa shi ya yi shirun minti biyar, don kada a samu kuskure. Na danna. Ɗamara ta kumbura, ta kumbura, ta ƙi tsayawa inda ta saba tsayawa a hannuna. Da ta saki, sai ja. Ɗari biyu da ɗaya a sama, ɗari da sha shida a ƙasa.

Bawah ya ce, "Na ci ko?"

"Ka motsa ne. Tsaya."

Na sake. Ɗari da casa'in da takwas. Ja dai.

Ban gama kwance ɗamarar ba waya ta yi ƙara. Garin sauri na taɓa wurin da ke buɗe murya, sai maganar Hikima ta cika ɗakin.

"Baba, kada ka tashi daga inda kake. Ina Mama?"

"Ta fita."

"Ka sha maganinka jiya?"

"Na sha."

"To ka saurare ni. Zancen Bawku ya ƙare, kada ma ka tayar da shi. Yanzu zan kira taksi ya kai ka asibiti. Wannan lambar ba ta jira. Da irinta mutum ke faɗuwa ɓarin jikinsa ya shanye."

Ni ɗan kasuwa ne, nan take kaina ya shiga auna riba da asara. In na yi shiru, za a kai ni asibiti, a auna, a ga ba haka ba ne, in ce mashin ya rikice. Wataƙila in tsira da mutuncina, wataƙila ma da tafiyata. In na faɗi gaskiya, Hikima za ta ce duk kwana ashirin da bakwai ɗin nan ma hannun aro ne, kuma ba ni da bakin musu. Na buɗe baki zan ce mashin ne.

Ta riga ni. "Ƙeyarka tana ciwo? Idonka yana yin hazo? Kana jin ƙara a kunne?"

Na ce a'a. Amma na ga Bawah ya daina murmushi. Ya kai hannu bayan wuyansa yana shafawa. Ya matso kusa da kunnena ya ce a hankali, "Ƙeyar nan tawa ta fi wata tana yi. Na ɗauka katako ne."

Ya miƙe yana gyara hula, wai zai wuce aiki, ana jiransa da ƙofofi shida. Na dubi kekensa a jingine a bakin ƙofa. Na tuna hanyar Anloga da safe, motocin haya ko'ina, trotro na gaba trotro na baya.

Na kama rigarsa. Na ce, "Hikima, ba hannuna ba ne."

"Ban gane ba, Baba."

"Hannun Baba Bawah ne. Ni na ara. Na ci abinci jiya a wurin suna, na ji tsoro."

Na shirya jin faɗa. Da ta yi magana ba faɗa ta yi ba, da ma faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Ba shi wayar."

Bawah ya karɓa da hannu biyu kamar an miƙa masa sammaci. "Nas, ina kwana. Ni fa lafiyata lau. Babanki ne mai tumbi."

"Baba Bawah, fresha ba ya duba tumbi. Ka taɓa aunawa?"

"Me zai kai ni? Ban taɓa ciwo ba kraa, ko sau ɗaya."

"To yau ba keke. Za ka zauna har taksi ya zo. Baba, kai za ka raka shi, tunda kai ka jawo."

Bawah ya yi gardama, ya ce ƙofofi, ya ce mai aiki ba shi da haƙuri. Na tura kekensa cikin ɗaki na kulle, na jefa makulli a aljihu. Ana haka Mamuna ta dawo. Ta ga ɗamara a hannun Bawah, ta dube ni. Nan take ta gane. Shekara talatin da tara muna tare. Ta ce kawai, "Bari in je in gaya wa Azaratu," matar Bawah ke nan, ta juya.

A asibiti ba su bar shi a layi ba, suna ganin lambar a wayata suka shigar da shi. Likitar ta auna da nata mashin, ta samu kusan abin da Ɗan Rahoto ya faɗa. Suka ɗebi jini, suka duba ido, suka duba zuciya. Ta ce an zo a kan lokaci, ba abin da ya lalace tukuna, amma zai kwana biyu a wurinsu su sauko da jinin a hankali. Ta tambayi yadda aka yi aka gano. Bawah, yana kwance, ya nuna ni da leɓe. "Tambayi ɓarawon hannu."

Da ta ji labarin sai da ta cire tabarau ta goge ido don dariya. Ta ce, "To Alhaji, kawo naka hannun na gaske mu gani."

Na miƙa. Ɗari da arba'in da huɗu. Duk da tuwon, duk da naman, duk da tashin hankalin safiyar. Da na auna kaina tun farko, da ba abin da ya faru. Na faɗa wa Bawah haka. Ya ce, "Da ka auna kanka, da yanzu ina kan keke." Can sai ga Azaratu ta shigo da kwanon abinci tana salati.

Da la'asar Hikima ta kira. Na riga na haƙura da Bawku, har na fara tunanin wanda zan aika a madadina, da irin ragunan banza da zai kwaso mini.

Ta ce, "Baba, ka san ka ba ni kunya."

"Na sani."

"Sauran kwanakin fa? Hannun wa?"

Mamuna ta karɓe wayar daga hannuna. "Nasa ne. Ni na ɗaura da kaina, kwana ashirin da bakwai, ko ɗaya ban tsallake ba. Yau ɗaya na juya baya. Ubanki ai kin san shi, ba a barin sa shi kaɗai da abin da za a iya ciniki a kai."

Na ji Hikima ta yi dariyar da ba ta so ta yi ba. Ta ce yau ba ta shiga lissafi. Zan ƙara kwana uku, kuma kowace safiya sai ta gan ni a waya, fuskata da hannuna da ɗamara, lokaci ɗaya. In sun yi kyau, in tafi, amma Ɗan Rahoto zai shiga jakata, in riƙa aunawa a can safe da yamma. Ban nemi ragi ba. Wannan ne karo na farko a rayuwata da aka faɗi farashi na ce na saya.

Kwana ukun suka fito rawaya, kore, kore.

Ashe mashin ɗin yana da maɓallin mutum na biyu, Hikima ce ta nuna mana daga baya. Yanzu ni ne ɗaya, Bawah ne biyu. Da zan tafi ya zo rakiya tasha a ƙafa, an hana shi keke sai bayan sallah. Yana ta mitar Azaratu ta mayar da miya ruwan wanka, ba gishiri ba magi.

Na ce, "Ka saba. Ni na saba."

"Kai da ka saba aka kama ka a Ayigya?"

A Bawku, safiyar farko, na dawo daga masallaci na zauna a kan benci a bayan shagon mai masaukina. Na ɗora hannu a kan akwati, na yi shirun minti biyar, ina jin kukan raguna daga kasuwa. Ɗari da talatin da shida. Ba a jima ba saƙon murya ya shigo daga Tema.

"Na gani, Baba. Hannunka ne dai?"

Na ɗauki hoton damtsena da ɗamarar na aika mata. Sannan na naɗe mashin na sa a jaka, na nufi kasuwa tun rana ba ta yi zafi ba. Rago na farko da na dafa bayansa, wani fari mai baƙin kunne, na ce a ɗaure mini shi gefe. Na gidan Bawah ne.