Akwatin Tace Murya

Tun ranar da kamfanin jiragen kamun kifi ya aiko aka ce an daina jin ɗuriyar jirgin da mijinta yake ciki, matar makanike ba ta yi kuka ba. Ba taurin rai ba ne, kukan ne ya ƙi zuwa. Tana girki, tana wanki, tana ba surukarta magani a kan kari. In maƙwabta sun shigo jaje ta ba su wurin zama, ta yi ta kallon bakinsu kamar da wata suke.

Ɗan aiken bai ce jirgi ya nutse ba, cewa ya yi ana nema. Ita kuwa a da ba ta jiran ɗan aike kafin ta san halin da mijinta yake ciki. A kan kabad ɗin falo akwai wata tsohuwar rediyo mai gajeren zango, wadda ya ja mata doguwar waya daga taga har kan tankin ruwa. Kullum da hantsi ma'aikacin tashar jirage yakan kira jiragen kamfanin ɗaya bayan ɗaya, kowane kyaftin ya amsa daga tsakiyar teku. Nasu jirgin Kunkuru ake ce masa, don ko iska na bayansa shi ne na ƙarshen shigowa. Shekara da shekaru, da ta ji “Kunkuru, lafiya lau,” sai ta kashe rediyo ta koma bakin aikinta.

Ana haka wani gidan rediyo ya zo ya kafa dogon ƙarfensa a filin bayan layinsu. Shi ke nan, duk inda ka murɗa su ne. Tallan sabulu, gaishe-gaishe, da wani mai shela da ko yawu ba ya tsayawa haɗiyewa. Wata maƙwabciya har rantsuwa ta yi ta ji shi a murfin tukunya. Makanike ya ce a bari ya dawo daga wannan tafiyar ya duba. Tafiyar ke nan.

Surukar ba ta iya tashi, tana kwance a ɗakin ciki. Da rana ta ɗaga sai ta ɗaga murya.

“'Yar nan, an kira su?”

“Hayaniya ce kawai, Inna.”

“Ai suna nan a ƙarƙashinta. Rediyon jirginsu ne ya lalace, kuma yaron nan ba ya barin abu a lalace. Ƙila ma tun jiya suke amsawa, mu ne ba ma ji.”

Da maganar ta yi yawa, sai matar ta naɗe rediyon a tawul ta kai wa mai gyara.

Shagon nasa wani lungu ne a ƙarƙashin bene, in ka shiga sai ka karkace. Gawar rediyo har rufi, ƙaurin dalma ya kama bango, abin da ya sa kowa ke ce masa Mai Dalma. Ya jona rediyon da guntuwar wayarsa, ya murɗa, sai ga wata tasha ta ƙasar waje tana magana tiryan-tiryan.

“Malama, lafiyarta lau, ta fi ni lafiya. Ina gidanku yake?”

Ta faɗa masa.

“Gindin ƙarfen nan? Ai dole. Wayar da aka ja miki doguwa ce don ta kamo na nesa, to na kusa ma kamowa take yi, kuma shi ya fi ƙarfi. In mutum na yi miki ihu a kunne, ina za ki ji mai raɗa daga bakin titi?”

“A yanke wayar?”

“In an yanke, na nesan ma ya tafi. Akwati zan haɗa miki, ya zauna tsakanin waya da rediyo. Mu a sana'a firisalekta muke ce masa. Rariya ce kawai: zangon da kike so ya wuce, sauran su tsaya a waje. Wace tasha kike nema?”

“Kiran jirage.”

Hannunsa ya tsaya a kan sukudireba. Ya dube ta, ya dubi rediyon.

“Ke ce iyalin makaniken Kunkuru?”

“Ni ce.”

Ya jawo guntun bututun roba ya fara naɗa masa siririyar wayar tagulla, zagaye bayan zagaye, yana danne ta da babban yatsa. Ya farke cikin wata matacciyar rediyo ya ciro wani abu mai faifan ƙarfe jere-jere da ke shiga cikin juna in an murɗa. Ya haɗa su da dalma a cikin gwangwanin biskit, ya huda gefe ya sa maɓalli. Ita tana zaune a kan benci tana kallon tiririn dalma, ba ta tunanin komai.

“Aikin hannu biyu ne,” in ji shi da ya gama. “Ki fara sa rediyo a inda kika saba. Sannan ki murɗa na gwangwanin a hankali, kamar mai rage wutar risho. Akwai wuri ɗaya tak da hayaniya za ta janye. In kin wuce shi kaɗan, mai shelar nan zai dawo.” Ya tura mata gwangwanin, ya ƙara da cewa, “Ba dole ba ne ki kunna gobe-gobe.”

Ta yi godiya ta tafi.

Washegari ta gama shara, ta jona waya a gwangwani, ta jona gwangwani a rediyo, ta rage murya. Mai shela na tsakiyar tallan katifa. Ta kama maɓallin tana murɗawa. Muryarsa ta fara shaƙewa, ta yi nisa, ta ɓace. Sai wani shuuu mai laushi, wanda ta manta da shi. Aikin Mai Dalma ya yi kyau, ba abin da za a ce.

Ma'aikacin tasha ya shigo, har ana jin ƙarar kujerarsa. Ya kira Shaho, Shaho ya amsa. Ya kira Balbela, Balbela ta amsa. Nan ne gurbin Kunkuru. Ta matso da kunnenta.

“Tauraro, Tauraro, kana ji na?”

Ba wai an kira ba a amsa ba. Ba a kira ba. Mutumin ko numfashi bai ja a wurin ba, bakinsa ya riga ya saba da sabon jerin. Tauraron nan kuwa shi ne jirgin da ɗan aike ya ce an tura nema. Kyaftin ɗinsa ya ce sun cika da kifi, ƙanƙara ta kusa ƙarewa, sun juyo gida. Wani ya tsokane shi cewa matarsa ce ta kira shi ba ƙanƙara ba. Aka yi dariya a teku, ta ji ta sarai.

Ta saurara har aka kira jirgi na ƙarshe aka yi sallama. Ta gane abin da ta ji, ba ta da shakka a kai. Ta jira baƙin ciki ya zo, bai zo ba. Ƙafarta ce kawai ta sage saboda tsugunno.

“'Yar nan,” aka kira daga ɗakin ciki. “Na ji hayaniyar ta ɗauke. Ya gyaru?”

Hannunta na kan maɓallin gwangwanin. Ta murɗa shi kaɗan, ɗan kaɗan. Mai shela ya faɗo falon da ƙarfinsa, yana gaida masu sauraro na kusa da na nesa.

“Bai gyaru ba tukuna, Inna,” ta ce. “Bari in kawo miki maganinki.”