Alkamar Rasha da Bakin Mijinyawa

Mijinyawa mutum ne da ba ya yarda a kayar da shi a gardama, ko da a kan kifin da ya fi daɗi ne. Balle a taɓa masa Rasha, inda ya yi karatu ya dawo da kwalin digiri da wata hular gashi da ba ta da amfani a zafin Yamai. A ma'aikatar tsare-tsare yake aiki. Kowace la'asar kuma yana fadarsu ta Gaweye, gindin dogonyaro, inda Yahaya tela ke dafa shayi.

Fadar tana da dokarta, don lokacin soja ne. Ka zagi Amurka, ka wanke Faransa tas, amma kada maganarka ta tsallako iyaka ta shigo gida. In kuwa Dauda mai mobilet, ɗan ƙaramin babur ɗin nan, ya zo ya zauna, mutumin da ba a san aikinsa ba amma bai taɓa rasa esansi a tankin babur ɗinsa ba, sai kowa ya koma hirar kokawa.

A shekarar farin nan, aminin Mijinyawa, Illo, mushen lise, wato malamin sakandare, gidansa cike yake da dangi daga Tawa waɗanda shanunsu suka ƙare. Ga tsohuwarsa da ya ɗauko saboda ciwon ido, duk mako sai ya kai ta likita. Kowa a gidan shi yake kallo.

Ran nan Illo ya tsokano magana, ya ce Rasha faɗuwa za ta yi, ko ba jima ko ba daɗe. Ƙasa mai gonaki iya ganin ido, amma tana sayen alkama wurin abokiyar gabarta? Wani na zaune a biro, wato ofis, yana yanke wa manomin da bai taɓa gani ba ranar shuka, ƙananan shugabanni kuma tsoro ya sa suna kai wa na sama labarin ƙarya. Mijinyawa ya ce shirme ne. Shi da idonsa ya ga jirgin da ke tafiya ƙarƙashin ƙasa, ya ga asibiti kyauta. Ƙasar da ta kai mutum sararin sama ba burodi ne zai kayar da ita ba.

Illo ya yi dariya, ya tuna masa cewa shi da bakinsa ya ba su labarin yadda ya yini a layi cikin ƙanƙara don sabulu, da ya kai gaba aka ce ya ƙare. Fada ta kwashe da dariya, har Yahaya ya zubar da kumfa.

A daidai nan Dauda ya jingine mobilet ya zauna. Yahaya ya yi maza ya jawo zancen wani ɗan kokawar Maraɗi, Illo ya kama bakinsa. Mijinyawa ya ga Dauda, wallahi ya gan shi sarai. Amma dariyar nan tana ci masa rai kamar barkono a ido.

"To Illo, faɗa mana ƙarara," in ji shi. "Jiya a gidanka ka ce mu ma ƙarya ake kai wa na sama, rumbunan gwamnati wayam suke. Ke nan mu ma faɗuwa za mu yi?"

Illo ya dube shi, ya shanye shayinsa, ya ce lokacin salla ya yi.

Ba a daɗe ba aka zo aka tafi da Illo. Da ya fito daga tsare ya rame, an kuma mayar da shi aiki can Bilma, inda ba zai iya jan tsohuwa da dangi ba. Mijinyawa ya daina zuwa fada. Kunya ta sa ko ta Gaweye ba ya bi, sai ya yi zagaye. Ranar tafiyar Illo, matar Mijinyawa, Balki, ce ta tura shi, ta ce in bai je ba ita za ta je ta faɗi dalili.

Ya tarar da Illo bisa kamiyo, babbar motar kaya, yana ɗaure katifa. Tsohuwa na zaune a ƙofa, ido naɗe da ƙyalle. Da ta ji muryarsa ta lalubo hannunsa ta riƙe, tana sa masa albarka, wai a irin wannan rana ake sanin aboki.

"Ɗana, kai da kake cikin manya, ka binciko mini wanda ya kai shi," in ji ta. "Ba baki zan yi masa ba. So nake in tambaye shi me muka yi masa."

Illo bai ko juyo ba. "Bar shi, Inna, bai sani ba."

Ta ce to, Allah ya sani. Sannan ta ƙara matse hannun, ta ce Illo ya gaya mata daga yanzu shi ne zai riƙa kai ta likita duk mako, don ba shi da wanda ya fi shi a garin nan.

Mijinyawa ya ce to, Inna. Har kamiyo ya tashi bai iya ɗaga kansa ba, ita kuma ba ta saki hannunsa ba.