Kan Keken Inna a Sikelin Mai Ƙarfe

Ƙa'idar kamfanin jirgin layi biyu ce a jikin tikiti. Akwati ɗaya, kilo ashirin da uku. Tsawo da faɗi da kauri, in an haɗa, kada su wuce santimita ɗari da hamsin da takwas. Tela ta gama da layi na biyu tun da safe, da tef ɗin da ke rataye a wuyanta. Layi na farko ne ya tara su a falo: ita, da ƙanenta Mai Ƙarfe, da Kawunsu.

Cikin akwatin akwai kan keken ɗinkin mahaifiyarsu, wadda ta rasu wata huɗu da suka wuce. Tela za ta koma wurin mijinta a ƙasar waje, kuma ta ce ba ta tafiya sai da shi. Mai Ƙarfe ya ce keken na gida ne, matarsa ma tana ɗinki.

"Matarka ko maɓalli ba ta iya ɗaurawa," in ji Tela. "Kafin jirgina ya sauka ka farfasa shi ka sayar."

"Ke dai, Yaya, komai kika gani naki ne. Saura ƙofar gidan ki ciro."

Ya kama hannun akwatin, ya ɗaga, ya ajiye. Shekara goma sha biyu yana sayen tsofaffin ƙarafa, hannunsa ba ya kuskure. Ya yi murmushi.

"Kawu, a raba gardama. A kulle shi yadda yake, ko ɗankwali kada a cire. In bai wuce ashirin da uku ba, ta tafi da shi. In ya wuce, keke ya zauna."

"Na yarda," in ji Tela, ba ta ko ɗago kai ba.

Kawu ya kulle, ya jefa makullin a aljihu. "To, ina za a auna?"

"Shagonsa mana," in ji Tela.

Murmushin ya ɗauke. Mai Ƙarfe ya ce akwai sikeli a asibitin bayan layi, ya fi kusa.

"Me ya sami naka?" ta tambaya.

Ya ɗauki akwatin, suka nufi shagon.

Shagon rumfar kwano ce, cike da tsofaffin batura da rodi da murafun tukwane. Mutum shida na tsaye da buhunan gwangwani suna jiran a auna musu. Kawu ya nemi alfarma suka matsa. Aka ɗora akwatin. Kawu ya sa tabarau, ya sunkuya, ya karanta da ƙarfi: "Ashirin da biyu da ɗigo tara."

Mai Ƙarfe ya san akwatin ya haura ashirin da biyar. Ya kuma san sikelinsa na cin kilo ɗaya a kowane goma, don shi ya saita shi haka. Ya dubi masu buhuna, su ma suka dube shi.

"Akwai magana, ɗan'uwana?" in ji Tela. "Faɗi, jama'a na ji."

"Babu."

"Shi ke nan, keke na Tela ne," in ji Kawu.

Washegari Mai Ƙarfe ne ya nace zai kai su filin jirgi. A hanya ya ce: "Sikelin can bai san Yaya ba."

Ma'aikaciyar da ke karɓar kaya ta dubi allo. "Ashirin da biyar da ɗigo huɗu, Hajiya. Sai an rage."

Mai Ƙarfe ya naɗe hannun riga. "Kawu, makulli. Ni zan ɗauki keken, kada ka wahala."

Tela ce ta karɓi makullin. Ta durƙusa, ta zuge akwatin, ta tura hannu ƙarƙashin zannuwa, ta zaro wani abu a naɗe da tawul. Tsohon dutsen gugar Inna ne, na gawayi, wanda rabon a hura shi an fi shekara ashirin. Ta ajiye shi a ƙasa, ta mayar da akwatin kan sikeli.

"Ashirin da biyu da ɗigo tara," in ji ma'aikaciyar, ta liƙa takarda.

"An ce ba a cire komai!" Muryarsa ta sa na bayan layi suka waiwayo. "Dama kin saka shi ne don in ɗaga in ji nauyi!"

"Sharaɗi ya ƙare jiya, a kan sikelinka. Sai dai in kana da abin da za ka gaya wa Kawu game da shi."

Kawu ya cire tabarau. "Ni ma abin da nake ta tunani ke nan. Jiya da dutsen a ciki, yau babu shi, amma lamba ɗaya. Yaya aka yi haka?"

Bel ɗin da ke jan kaya ya ja akwatin, ya shige bayan labulen roba. Tela ta ɗauki dutsen gugar, ta danƙa wa ƙanenta a ƙirji.

"Ga rabonka. Kilo biyu da rabi ne. In za ka sayar, kada ka auna a shagonka."

Ta wuce ƙofar masu tafiya. Kawu bai motsa daga inda yake ba, yana jiran amsa.