Lasisin da Ya Ƙirga Masu Tsinkar Shayi

Da aka sauya sharuɗɗan lasisin injin da manhajarsu ke gudana a kansa, sai Madam Chelagat, shugabar wata gonar shayi a Kericho, ta kira Kiprotich mai kula da kwamfutoci.

"To gwani, mu zauna da wannan injin ko mu koma na kyauta?"

"Mu zauna, Madam. Wannan na san shi kamar yunwar cikina."

Bai karanta sharuɗɗan ba, ya danna "Na yarda" yadda ya saba. Ashe yanzu kan kowane ma'aikaci ake biyan kuɗin lasisin, har masu tsinkar ganye. Dole aka sallami wasunsu.

A bakin ƙofa tsohuwa Tabutany ta tare shi, kwandonta wayam.

"Ɗana, wai kwamfuta ce ta ƙirga ni? A ina ta san ni?"