Jitar Shigeharu

"Ƙarfe ba ya shiga wuta da mamaci, Uwargida ko ba Uwargida ba," haka zan so in ce ma'aikacin jana'iza ya faɗa, amma shi da ladabi ya rusuna ya ce wa Fumie, "Ki yi haƙuri, Uwargida. Katako zai iya bin sa cikin akwati, ƙarfe kuwa a'a."

Fumie matar maƙwabcinmu Shigeharu ce, wanda ya rasu da safiyar ranar. Abin da take rungume da shi kuwa ƙaramar jitarsa ce, tsohuwa, mai siririn ƙugu, wadda ta girmi kowa a unguwarmu ta Matsumoto. A nan ƙona mamaci ake yi, shi kuwa ya bar wasiyya a ƙona shi da ita.

Maigidana Tokuji yana tsaye a bakin ƙofa, idonsa a kan jitar. Tun muna amare yake jin muryarta ta bango, yana cizon yatsa. Shi ma yana da tasa, babba, sabuwa, amma in ya kaɗa sai ka ce ana dukan tukunya. Ta Shigeharu kuwa a hankali take magana, har shayi yakan huce a hannuna. Bai taɓa barin Tokuji ya ɗauke ta ba. Ko makon jiya, yana kwance a tabarma ba ya iya ɗaga kai, sai da ya ce, "Toku, kalla da ido. Hannunka na gumi."

"Kai dai mutu ka ga," in ji maigidana.

"Da ita zan tafi, tsohon banza."

To, ga shi ya mutu. Fumie ta juyo ta ce, "Tokuji, kai ka san kanta. In ƙarafunan ba za su ciru ba, ka riƙe ta. Ni ban iya komai da ita ba."

Na dubi Tokuji. Kalma ɗaya zai faɗa ta zama tasa, ba mai ƙaryata shi.

Ya goge tafukansa a wando, ya karɓe ta, ya zauna a gefen gawar. Ya shafa fuskarta da ta yi launin zuma, ya bi bakin raminta da yatsa inda aka jera ƙananan ɓawon kifin teku, ya sunkuya ya shaƙi ƙanshin cikinta. Ya ƙwanƙwasa bayanta, ta amsa. Bai kaɗa ba.

"Maigida," na ce a hankali, "ka ji abin da ta ce."

"Na ji. In riƙe ta, kullum in na kaɗa ki ce ba haka Shigeharu yake yi ba?"

"Yaushe na faɗi haka?"

"Fuskarki za ta faɗa. Miƙo mini akwatin kayan aiki."

Ya sassauta wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya kwance maɗauransu, ya zare siraran ƙarafunan wuyanta a hankali, bai bar ko ƙarzane ba. Da ya gama ya kwantar da ita a ƙirjin Shigeharu ya ce, "Ga ta nan, marowaci."

Aka ƙona su tare. Fumie ta koma wurin 'yarta a Nagano, aka rufe gidan. Tokuji ya ba jikanmu babbar jitarsa. Da yamma yakan zauna a baranda, ya jingina da bangon maƙwabta, hannuwansa a kan gwiwa.